Yoga, Numfashi Da Natsuwa: Me Suke Iya Yi Wa Mai Ciwon Daji?

A wannan wata za mu taɓo wata magana wadda ba a cika yin ta da ƙarfi a zangunanmu ba, sai dai ƙasa-ƙasa a bayan ɗaki, wato maganar ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, 'yan boko kuma su ce kansa. Mu ba likitoci ba ne, alli da allo ne sana'armu. Abin da ya jawo mu wannan fage tambaya ce aka kawo mana, muka ga bai kamata mu amsa ta da ka ba, sai da muka zauna muka yi karatu tukuna.

Akwai wata baiwar Allah da ta yi shekara 12 tana sayar da shinkafa da wake a ƙofar makarantarmu a nan Kumasi. Da wuya ka sami malami ko ɗalibin da bai taɓa cin bashinta ba. Shekara biyu da suka wuce aka same ta da sankarar mama, aka yi mata aiki, aka ɗora ta a kan maganin nan da ake ƙarawa ta jijiya, wanda ake kira kemo, zagaye 8, duk bayan mako uku. Bayan zagaye na uku muka je gaishe ta. Ta rame, gashin kanta ya zube, amma ba wannan ta yi mana kuka da shi ba. Ta ce, "Ticha, wallahi ciwon ba ya ba ni tsoro kamar ranar Talata. Tun daren Litinin ba na runtsawa. Da na hango ƙofar asibiti sai amai ya taso mini, tun ba a taɓa ni da allura ba. Ni dai na gama, ba zan koma ba." Muka ce, "Haba Hajiya, saura biyar fa." Ta ce, "To, ku je ku karɓa mini."

'Yarta, tsohuwar ɗalibarmu, ta nuna mata wani bidiyo a waya, inda wata mata ke koya wa masu ciwon daji yoga da sarrafa numfashi. Nan take gida ya rabu biyu. Ƙanen mijinta ya ce wannan bautar Indiyawa ce, ba za a yi ta a gidansu ba. Wata maƙwabciya kuma ta ce ai ita ta ji labarin wanda ya bar asibiti ɗungurungum, ya kama yoga da ganyaye, ya warke sarai. Yarinyar ce ta biyo mu makaranta ta ce mu raba gardama. A ganinmu dukansu biyun akwai gyara a maganarsu, amma ta maƙwabciyar ita ce mai kai mutum kushewa.

Kada wani ya ɗauka Hajiya ce kaɗai ke gudun asibiti. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta nuna cewa a 2022 an sami sababbin masu ciwon fiye da 27,000 a Ghana, kimanin 5,000 daga cikinsu sankarar mama ce, kuma mafi yawan matan ba sa isa gaban likita sai ciwon ya yi nisa. A 2009 Farfesa Clegg-Lamptey na asibitin Korle Bu da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon tambayar da suka yi wa matan da suka zo a makare, da waɗanda suka gudu a tsakiyar magani. Babban abin da ya kori masu gudun shi ne tsoron a cire musu mama, sa'an nan komawa ga maganin gargajiya, da sansanin addu'a, da rashin kuɗi. Mu lura, tsoro ne ya sha gaban talauci. Ga kuma nisa: an buɗe sashen gashi da na'ura a Korle Bu a 1997, na Komfo Anokye, wanda muke kira Ji, a 2004, shekara da shekaru kuwa mutumin Bawku ko Wa sai ya bar gidansa ya sauko kudu ya yi makonni a ɗakin dangi. Tsoro, rashin barci, gajiyar da hutu ba ya raba mutum da ita, su ne kayan da mara lafiya ke ɗauke da su a kan ciwon. To, a nan ne waɗannan abubuwa da muke magana a kai suke da wurin zama, wato su taimaki mutum ya ɗauki maganinsa har ƙarshe.

Mece ce yoga?

Mu da muka tashi da kallon fim ɗin Indiya, hoton da ke kanmu shi ne wani tsoho mai gemu ya harɗe ƙafa a kan dutse, ko wani ya kafa kai a ƙasa ƙafafu a sama. Kalmar daga harshen Sanskirit take, ma'anarta ɗaurewa ko haɗawa, tushenta ɗaya da kalmarsu ta karkiyar shanun noma. Littafin da ake jingina ta da shi, na wani malami Patanjali, ya haura shekara 1,500, kuma kusan dukansa a kan kwantar da zuciya yake magana, lanƙwasa jiki kaɗan ne a ciki. Yawancin motsin da ake gani yau a bidiyo sun yaɗu ne daga hannun Krishnamacharya, wanda ya koyar a fadar Maisur ta kudancin Indiya a shekarun 1930. Ɗaya daga cikin almajiransa, Iyengar na birnin Pune, wanda shi kansa ya sha jinya yana yaro, shi ya shahara da amfani da kujera da bargo da igiya da katako domin mai rauni ma ya iya. Irin wannan sassauƙa ce asibitoci suka ɗauka: miƙa jiki a hankali, jan numfashi da lissafi, sai a kwanta a saki gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Babu mai sa mara lafiya ya tsaya a kan kansa.

Shi kuma zaman tattara hankali ya shiga asibiti ne ta hannun wani Ba'amurke masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, wanda a 1979 ya buɗe aji a asibitin jami'ar Massachusetts domin marasa lafiyar da ciwo ya ƙi saki. Ya ɗebo dabarar daga mabiya addinin Buda, ya cire mata bauta, ya mayar da ita darasi na mako 8. Abin da ake koyarwa a taƙaice shi ne mutum ya zauna ya sa hankalinsa a kan shigar numfashi da fitarsa, in tunani ya ja shi zuwa ranar Talata, ya lura an ja shi, ya dawo, ba tare da ya yi wa kansa faɗa ba. Da jin sa kamar wasa. Wanda ya gwada minti biyar zai san ba wasa ba ne.

Abin da bincike ya gano

An gwada waɗannan abubuwa kamar yadda ake gwada magani, wato a raba marasa lafiya gida biyu da ƙuri'a, a ba wasu a hana wasu, a ga bambanci. A 2000, a birnin Kalgari na Kanada, Michael Speca da Linda Carlson suka gwada zaman tattara hankali na mako 7 a kan mutum 90 masu ciwon daji iri-iri. Waɗanda suka yi zaman, dagulewar ransu ta ragu da kashi 65 cikin 100, alamun damuwa a jiki kuma da kashi 31.

A 2013 Karen Mustian ta jami'ar Rochester ta fitar da gwajin da ta yi da mutum 410 da suka gama magani amma barci ya ƙaurace musu. Mako huɗu kacal suka yi, sau biyu a mako, minti 75 kowane zama. Barcinsu ya gyaru, shan ƙwayar barci ya ragu da kashi 21 cikin 100 a cikinsu, alhali a ɗaya rukunin ƙaruwa ya yi da kashi 5. A 2014 asibitin MD Anderson na Houston, tare da wata jami'ar yoga ta Bangalor, ya ba da rahoton mata 163 da ake yi wa gashi. Wannan gwaji ya fi burge mu domin gida uku aka raba su: masu yoga, masu miƙa jiki zalla, da waɗanda ba a ba komi ba. Wajen raguwar gajiya a ƙarshen gashin, masu yoga da masu miƙa duk sun amfana. Wajen iya hidimar yau da kullum watanni bayan haka, masu yoga ne suka yi gaba. A shekarar dai, a jihar Ohayo, mata 200 da suka gama magani suka yi mako 12, aka ga gajiyarsu ta ragu, har ma da wasu alamun kumburi da ake aunawa a jini.

Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tankaɗe binciken wasu, ta tara gwaji 24 na mata 2,166 a 2017. Hukuncinta mai kamun kai ne: idan aka kwatanta da zama haka nan, yoga na kyautata barci, tana rage gajiya, tana daɗaɗa rayuwa gwargwado, amma ba a nuna ta fi sauran motsa jiki ba. A 2018 ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka ta amince da jagorar da ta ba da shawarar yoga da zaman natsuwa ga masu sankarar mama, a 2023 kuma ta sake jaddada zaman tattara hankali domin fargaba da baƙin ciki, a lokacin magani da bayansa.

Sai dai a yi hattara da lissafin. Mafi yawan gwajin a Amurka da Kanada da Turai da Indiya aka yi su, kuma mafi yawa a kan mata masu sankarar mama. Bugu da ƙari, ana iya ba mutum ƙwayar da ba magani a cikinta bai sani ba, amma ba a iya ba shi yoga ta jabu. Wadda ta fito daga ɗaki sau biyu a mako ta zauna da mata irinta, wani ɓangare na sauƙin da ta ji daga zaman tare ne ya zo. Mu wannan bai dame mu ba. In zaman tare magani ne, ai zango ba ta rasa shi ba.

Maganar maƙwabciya

Yanzu ga inda ya kamata a buɗe kunne. Duk gwajin nan da muka lissafa, babu ko ɗaya da ya nuna yoga ko numfashi ko zaman natsuwa sun narkar da ƙari, ko sun hana shi yaɗuwa. Duk mutanen da aka gwada suna karɓar maganin asibiti ne, ko sun gama shi. An taɓa sa rai da fiye da haka. A 1989 wani likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Stanford, David Spiegel, ya ba da rahoton cewa matan da ciwonsu ya yaɗu, waɗanda ke zaman tattaunawa duk mako, sun rayu kusan ninki biyu na sauran, wata 36 da ɗoriya a kan wata 19. Duniya ta ɗauka. Da aka sake gwajin a Kanada da mata 235, sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna ransu ya yi sanyi, raɗaɗi ya ragu, amma kwanansu bai ƙaru ba. Shi kansa Spiegel ya sake nasa, a 2007 ya fito ya ce bai ga ƙarin kwanan ba a jimlar matan.

Su kuwa masu barin asibiti, masu bincike na jami'ar Yale sun bi sawunsu a 2018. Suka ɗauki mutum 281 da ciwonsu bai yaɗu ba, waɗanda suka zaɓi wasu hanyoyin kaɗai suka ƙi aiki da kemo da gashi, suka kwatanta su da irinsu da suka bi likita. Haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a masu sankarar mama kuwa fiye da sau biyar. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama, shi ya sa ba ma ganin laifin mara lafiya. Laifin na mai miƙa takobin ne, musamman in kuɗi yake karɓa. Duk wanda ya ce maka yana da numfashin da ke kashe sankara, ko ya haɗa maka darasin yoga da kwalaben ganye, ka riƙe aljihunka. A 2004 an auna magungunan gargajiyar Indiya 70 da ake sayarwa a kantunan Boston, aka sami dalma ko zaiba ko gubar asenik a cikin 14.

Gaskiya dai akwai wuri guda da motsa jiki ya nuna ƙarin kwana. A 2025 aka fitar da wani gwaji na mutum 889, yawancinsu a Kanada da Ostareliya, waɗanda aka yi wa aikin sankarar hanji suka gama kemo. Rabinsu aka haɗa su da mai horarwa na shekara uku, mafi yawa tafiya ce da sauri suke yi, minti 45 zuwa awa guda, sau uku ko huɗu a mako. Bayan shekara 8, kashi 90 cikin 100 na masu tafiyar suna raye, a ɗaya rukunin kashi 83. Amma a lura, wannan tafiya ce mai sa haki da gumi, kuma bayan aiki da kemo aka yi ta.

Wani abu kuma da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu ce wa mara lafiya, "Ke kika sa wa kanki damuwa, ita ta jawo miki," ko "Da kin saki ranki da kin warke." Wani babban nazari na ma'aikata fiye da 116,000 a Turai, wanda ya fito a 2013, bai sami alaƙa tsakanin damuwar aiki da sankarar mama ko ta hanji ko ta huhu ko ta mafitsarar maza ba. Mace tana fama da ciwo, kada a ƙara mata da laifi. In ta yi kuka ta yi, wannan ba ya ciyar da ƙari.

Yadda numfashi ke aiki

A cikin ukun, numfashi ya fi dacewa da halinmu, domin ba ya son tabarma ta musamman, ba ya son ko sidi ɗaya, ana yin sa a cikin tirotiro da kan bencin jiran likita. Baligi yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti. In tsoro ya kama shi sai numfashin ya koma sama-sama a ƙirji, zuciya ta yi ta bugu, baki ya bushe, ciki ya murɗa. Akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da huhu da ciki, ita ce birkin jiki. Duk lokacin da mutum ya ja iska bugun zuciyarsa na ɗan ƙaruwa, in ya fitar kuma birkin nan ya kama, bugun ya ɗan ragu. Saboda haka wanda ya tsawaita fitarwa ya rage gudun numfashinsa, kamar ya taka birkin ne da gangan.

Ga yadda ake yi. A zauna a jingina, ko a kwanta a ɗaga kai da matashi. A ɗora hannu ɗaya a kan ciki. A ja iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a bari cikin ya taso ya ture hannun, kafaɗa kuwa ta zauna inda take. A fitar a hankali ta baki ana ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi. Huɗu da shida daƙiƙa goma ke nan, wato numfashi 6 a minti. In ya yi tsawo a yi uku da biyar. Minti biyar da safe, minti biyar kafin barci. In jiri ya ɗebi mutum, alama ce yana ja da ƙarfi, sai ya sassauta. Muhimmin abu shi ne a saba da shi a ranakun da hankali ke kwance, domin ba a koyon iyo ranar da kwalekwale ya kife.

Aman Hajiya a ƙofar asibiti kuwa, duk wanda ya yi kwalejin horon malamai zai gane shi, domin an karantar da mu labarin karen Pavlov, wanda aka saba masa da wata ƙara kafin abinci har ya zama da jin ƙarar sai yawu ya zubo. Haka jikinta ya haɗa ƙofar nan da warin asibiti da jan maganin da ke cikin sirinji da aman da ke biyowa. Likitoci sun san wannan sarai, suna da suna gare shi, kuma ba shagwaɓa ba ce. Babban rigakafinsa shi ne a ba da maganin amai mai kyau tun zagayen farko, kada jiki ya koyi darasin. In ya riga ya koya, horon sakin jiki da numfashi na cikin abin da ake warware shi da shi, wani lokaci tare da ƙwayar kwantar da hankali. Saboda haka abu na farko shi ne a faɗa wa likita ko nas. Mutanenmu sukan yi shiru a gaban likita don kunya, su zo gida su yi ta bayani.

Maganar ƙanen miji

Shi ma ba wawa ba ne, kuma ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. Asalin yoga a cikin addinan Indiya yake, akwai kuma wuraren da har yau ake haɗa ta da rera kalmomin bauta da jerin motsin da ake kira gaisuwar rana. A nan ƙasar ma akwai gidan ibadar Hindu na 'yan Afirka a Odorkor ta Ankara tun 1975. A Nuwamba 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda waɗannan abubuwa, daga baya firayim ministan lokacin, Abdullahi Badawi, ya ce ana iya yi in babu rerawar. A Janairu 2009 majalisar malaman Indunisiya ta rarrabe: mai ɗauke da bauta haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla babu laifi. A 2017 kuma Saudiyya ta sa koyar da yoga cikin jerin sana'o'in wasanni da ake ba lasisi. Mu ba masu fatawa ba ne, kowa ya tambayi malaminsa, amma ya kai masa bayanin abin da za a yi filla-filla, kada ya kai masa suna kawai. Ɗaga hannu a bango da hura iska a hankali, in an bayyana su haka, muna zaton amsar za ta bambanta.

Akwai wani ɗan bincike da ya ba mu sha'awa. A 2001 wani likitan Italiya, Luciano Bernardi, ya auna mutum 23 suna karanta addu'ar carbin Katolika da Latin, sa'an nan suna maimaita kalmomin masu yoga. A duka biyun numfashinsu ya sauko da kansa zuwa kimanin 6 a minti. Tun 1975 ma Herbert Benson na Harvard ya rubuta cewa maimaita kowace kalma ko addu'a cikin natsuwa na kawo wannan kwanciyar jiki. Ba muna cewa a mayar da zikiri ƙwayar barci ba ne, ana ambaton Allah ne domin Allah. Abin da muke cewa shi ne, dattijuwar da ta yi shekara 30 tana zama bayan asuba da tasbaha a hannu ta riga ta san abin da wasu ke biyan dala su koya, wato zama wuri ɗaya da dawo da zuciya in ta yi yawo. Ita ba baƙon abu za a koya mata ba. Kuma addinin da ya yarje wa mara lafiya ya yi salla a zaune ko a kwance, shi ne ya umarce shi da neman magani.

Kafin a soma motsa jiki, a tambayi likitan da ke duba mutum, domin shi ya san inda ciwon ya kai. Wanda ciwon ya taɓa ƙashinsa kada ya murɗa baya ko ya sunkuya da ƙarfi, ƙashin na iya karyewa da ɗan abu. Kemo kan rage sojojin jini, galibi a mako na biyu bayan an karɓa, to a ranakun nan a guji cunkoso, a yi a gida. Wanda tafin ƙafarsa ya yi dundum saboda magani ya riƙe bango ko kujera. Wadda aka cire wa mama ta bi darasin da masu gashin ƙashi na asibiti suka ba ta, irin hawan bango da yatsu, in hannun ya soma kumbura ta koma ta nuna. A guji numfashin nan na sauri-sauri da riƙe iska da ake nunawa a wasu bidiyoyi, a guji rana tsaka. In rufe ido ya taso wa mutum da munanan tunani, ya buɗe, ya tashi, ya nemi wanda zai yi wa magana. Zazzaɓin da ya kai 38 a lokacin kemo, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ciwon ƙirji, wannan ba na zaman ƙirga huɗu da shida ba ne, asibiti za a nufa ko da tsakar dare.

Mu ma masu dubiya akwai namu. Zumunci ne, lada ne, amma mun ga ɗakin da mutum 15 suka cika, kowa da labarin wance da irin ciwon nan ya kashe, kowa da sunan mai maganin da ya sani a Techiman. Mara lafiya ta yi ta amsa gaisuwa har muryarta ta dushe. Da magajiyoyin unguwa za su tsara a riƙa zuwa biyu-biyu, a bar ta da rabin awa na shiru bayan la'asar, wata kuma ta karɓi 'yar da ke jinya ta sami barci, da an yi aikin da ya kai na kowane aji.

Hajiya dai ta koma ranar Talatar. 'Yarta ta yi wa likita bayanin aman, aka canza mata maganinsa aka ƙara wani na daren Litinin, saboda haka ba za mu ce numfashi kaɗai ya yi aikin ba. Yarinyar kan zauna kusa da ita a benci tana ƙirga mata, daga baya ita da kanta ta mayar da ƙirgar kan ƙwayoyin tasbaharta, kowane numfashi ƙwaya ɗaya, in ta zagaye 33 ta san ta yi minti biyar da 'yan kai. A gidan ba a sake ambatar sunan yoga ba, miƙa ake ce masa, ƙanen mijin ma ya taɓa riƙe mata kujera. Ta gama zagaye takwas ɗin, an yi mata gashi, yanzu tana kan ƙwayar da aka ce za ta sha shekara biyar. Ba ta dawo ƙofar makaranta ba domin hannun bai iya ɗaga tukunya, ƙanwarta ce ke sayarwa. Wata mai zuwa za ta koma a duba ta, kuma ranar ta sake faɗowa Talata. Mun tambaye ta daren Litinin fa? Ta ce, "Ticha, har yanzu ba na yin na kirki. Amma ina samun awa huɗu."